Kwantaccen Ciki Tsakanin Fiƙihu da Ilimin Homon

A ƙasar Hausa an daɗe ana cewa ciki yana kwanciya. Mace ta ɗauke haila, ta ga alamun shigar ciki, wata ma ta rantse ta ji motsi, sai abu ya tsaya cak, babu ɓari babu naƙuda. Sai a ce ya kwanta, kuma yana iya tashi bayan shekara biyu ko uku ya ci gaba da girma daga inda ya tsaya. Maganar tana da gindin zama a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu suka dogara da shi tun kafin zuwan Turawa, ya kawo cewa matar da take kokwanton akwai ciki a jikinta za ta zauna jira har iyakar muddar ciki, ya kuma ambaci saɓanin ko iyakar shekara huɗu ce ko biyar. A Maroko da Aljeriya, inda su ma Malikiyya ake bi, an san wannan jariri mai barci kamar yadda muka san shi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa ilimin yadda jikin mace yake ɗaukar ciki ya rushe wannan zance a matsayin labarin abin da ke faruwa a mahaifa, kuma karɓar hakan ba ya taɓa addini ko kaɗan. Amma duk wanda ya karɓa ya ɗauki wani nauyi a wuyansa, domin kwantaccen ciki ya shekara fiye da dubu yana tare mata daga wani hukunci mai tsanani, kuma ba ya halatta a janye shi a bar su a fili.

Ciki abu ne da ake riƙe da shi kullum ta hanyar saƙonnin sinadarai da ke yawo cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiran ta fituwitari. Ita ce ke sakin homon guda biyu, FSH da LH, bisa umarnin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta. Na farkon yana sa ƙwan mace ya nuna, na biyun kuma idan ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar wata sai ƙwan ya fito cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Gurbin da ƙwan ya bari yakan rikiɗe ya zama wata tsoka rawaya mai fitar da furojestaron, homon ɗin da ke kaurara shimfiɗar mahaifa ya kuma hana ta matsewa. Ran wannan tsoka gajere ne, kusan kwana 14. Idan ba a sami ciki ba sai ta mutu, furojestaron ya faɗi, shimfiɗar ta zube, wannan zubewar ita ce haila. Idan kuwa maniyyi ya haɗu da ƙwan, ɗan tayin yakan manne a bangon mahaifa wajen mako guda bayan haka, ya fara aika nasa saƙon, wato hCG, wanda ke hana tsokar nan mutuwa. Shi ne abin da tsinken gwajin fitsari yake ganowa. Wajen mako na 8 zuwa na 10 mabiyiya takan karɓi aikin fitar da furojestaron, ta riƙe shi har zuwa haihuwa.

A cikin wannan tsari babu wurin da za a ajiye tayi ya yi barci. Tun da ya manne, rayuwarsa ta rataya ga mabiyiya, ita ke kai masa iska da abinci daga jinin uwa, ita ke kwashe masa ƙazanta, kuma ita kanta tana da ajali. Ana lissafin ciki kwana 280 daga farkon hailar ƙarshe, wato mako 40. Da an haura mako 42 mabiyiya takan gaza, ruwan da jariri ke ciki ya ragu, haɗarin ya mutu a ciki ya ƙaru, shi ya sa a asibiti ba a barin mace ta kai nan ba tare da an tayar mata da naƙuda ba. Tayin da ya daina girma a wata na uku ko na huɗu, zuciyarsa ta daina bugawa, ya rasu ke nan, ko da jiki ya yi jinkirin fitar da shi na wasu makonni. Tun daga 1927 da 1928, lokacin da Aschheim da Zondek suka gano a Berlin cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da sinadarin da ke tona asirin cikin, zuwa yau da ake ɗaukar hoton ciki a asibitocin ƙananan hukumomi, an bi diddigin cikin miliyoyin mata mako bayan mako. Ba a taɓa tabbatar da guda ɗaya da ya tsaya shekaru sannan ya tashi aka haife shi da rai ba.

Wani zai ce to matan da suka ba da labarin fa, duk ƙarya suka yi? Ko kusa. Sun faɗi abin da suka ji a jikinsu, kuma ilimin homon ɗin nan shi ne ya fi kowa gaskata su, domin ya nuna hanyoyi da yawa da haila ke ɗaukewa ba tare da ciki ba. Mai shayarwa jikinta yana cike da furolaktin, homon ɗin da ke kawo nono, shi kuma yana danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke bayarwa na fitar da ƙwai, don haka macen da ke goyo wata 18 ko shekara biyu tana iya daɗewa ba ta ga jini ba. Ƙaramin ƙari a fituwitari yana iya zubo furolaktin babu goyo, haila ta tsaya, nono ya kawo ruwa, kowa ya ce ciki ne. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa fituwitarinta na iya lalacewa, ciwon da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937, sai ta rasa nono ta rasa haila gaba ɗaya. Yunwa da tsananin damuwa suna yin haka. Ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ƙwarai a cikin matan Afirka, yana kumbura mara har ta kai girman ciki wata biyar ko shida. Akwai kuma cikin da tsananin so ko tsoro ke ƙirƙirowa, ciki ya fito, nono ya cika, mace ta ji motsi, alhali mahaifa wayam. Ya faru ga Sarauniya Mary ta Ingila a 1555, fada ta gama shirin haihuwa ba a ga jariri ba. Har ma akwai tayin da ke zama a wajen mahaifa ya mutu a can, jiki ya lulluɓe shi da alli ya sandare. A Maroko an yi wa wata tsohuwa tiyata a 2001 aka ciro irinsa bayan shekara 46 tana ɗauke da shi. A yawancin waɗannan halaye, idan mace tana tare da mijinta, wata rana ƙwai ya sake fitowa ta sami sabon ciki kafin ta ga wata haila, sai ta haihu bayan wata tara. Ita da ungozoma da dangi duk za su fara lissafi daga ranar da jini ya fara ɗaukewa, su ce ciki ya shekara uku. Lissafin ne ya kuskure, shaidarsu kuwa gaskiya ce.

Tambayar da ta fi nauyi ga Musulmi ita ce ko ƙin yarda da kwantaccen ciki ƙin yarda ne da wani abu na wahayi. Hanyar gane amsa ita ce a duba inda malamai suka samo adadin. Mafi ƙarancin muddar ciki, wata shida, an ciro shi daga Alƙur'ani ta hanyar haɗa ayar Suratul Ahƙafi da ta sanya ɗaukar ciki da yaye wata 30 da ayar Baƙara da ta sanya cikakkiyar shayarwa shekara biyu. Shi ya sa mazhabobi suka haɗu a kansa. Mafi yawan muddar kuwa babu aya babu hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yanke ta, kuma alamar hakan ita ce yadda adadin ya warwatsu. Hanafawa sun ce shekara biyu, bisa wata magana da aka jingina wa Nana A'isha. Shafi'awa da Hambalawa sun ce huɗu. Malikawa sun ce huɗu ko biyar, har an rawaito bakwai. Muhammadu ɗan Abdul Hakam, babban malamin Malikiyya na Masar, ya ce shekara ɗaya. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsaya a kan wata tara, ya kuma soki ingancin labaran da sauran suka dogara da su. Hujjar da aka fi rawaitowa daga Imam Malik ita ce labarin maƙwabciyarsa, matar Muhammadu ɗan Ajlan, wadda ya shaida da gaskiyarta, aka ce ta yi ciki uku cikin shekara 12. Imam Malik bai ce an saukar masa da wannan ba. Ya yi abin da mai hankali yake yi a zamanin da babu hanyar leƙa mahaifa, ya tambayi amintattun mutane ya gina hukunci a kan abin da suka gani. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba wanda kuma likita ne, ya faɗi a Bidayatul Mujtahid cewa mas'alar tana komawa ne ga al'ada da jarrabawa, kuma ra'ayin ɗan Abdul Hakam da na Zahirawa, mazhabar Ibn Hazm, sun fi kusa da abin da aka saba gani. Ya rasu a 1198, ƙarnuka bakwai kafin a san homon. Idan tushen hukunci jarrabawa ce, to wanda ya zo da jarrabawar da ta fi ƙarfi yana kan hanyar Imam Malik ne, ko da ya isa wani adadi dabam.

Akwai masu cewa ai Allah mai iko ne a kan komai, kuma Suratur Ra'adi ta ambaci saninsa game da abin da mahaifu ke ragewa da abin da suke ƙarawa, to wane ne likita da zai sa wa ikon Allah iyaka? Babu Musulmin da ke musun ikon. Amma duk ɗalibin da ya karanta sharhin Ummul Barahina na Shehu Sanusi ya san an raba hukunci kashi uku, na hankali da na al'ada da na shari'a. Hankali bai kore yiwuwar ciki ya shekara biyar ba, kamar yadda bai kore yiwuwar wuta ta ƙi ƙonawa ba, kuma ta ƙi ƙona Annabi Ibrahim. Duk da haka babu alƙalin da zai saki wanda ya cinna wa rumbun wani wuta da hujjar cewa wuta tana iya ƙin ƙonawa. Shari'a tana gina hukuncinta a kan yadda Allah ya saba gudanar da halittarsa, kuma aikin furojestaron da hCG da ajalin mabiyiya suna cikin wannan sabo. Wanda ya karance su yana karanta sunnar Allah ce a jikin bayinsa. Ragi da ƙarin da ayar ta ambata kuwa muna ganin su kullum, a bakwaini da kuma a cikin da ya haura lokacinsa da mako ɗaya ko biyu, ayar ba ta ƙayyade shekaru ba.

Ƙalubalen da ya fi wannan wayo daga kimiyyar kanta yake fitowa. A cikin dabbobi masu shayarwa akwai fiye da iri ɗari da tayinsu ke tsayawa ya jira lokaci. Wata irin barewa ta Turai takan yi barbara a watan Yuli ko Agusta, tayin ya zauna kusan ba girma har zuwa ƙarshen shekara kafin ya manne. Kangaru na Ostareliya tana riƙe tayi a tsaye muddin ɗanta na baya yana tsotso. A 2024 wasu masu bincike a Berlin da Vienna sun nuna cewa ana iya rage wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam na matakin farko gudu na 'yan kwanaki a ɗakin gwaji. An kuma haifi jarirai daga tayin da aka daskarar kusan shekara 30. Wannan duka gaskiya ne, kuma ya kamata ya hana mu raina magabata, domin abin da suka yi tunani akwai shi a cikin halitta. Sai dai a dabbobin nan tsayawar tana faruwa ne tun tayi yana ɗan dunƙulen ƙwayoyi da ido ba ya gani, kafin mabiyiya ta kafu, a matakin da mace ba za ta ji motsi ba, gwaji ma ba zai nuna komai ba. Daskararren tayi kuma yana cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, a wajen jikin mace. Kwantaccen cikin da ake magana a gidajenmu da kotunanmu ciki ne da ya bayyana sannan aka ce ya tsaya, kuma wannan babu dabbar da ke yin sa.

Barin zancen yadda yake yana da farashi, kuma mata ne ke biya. Matar da aka ce cikinta ya kwanta takan shiga neman maganin tayar da shi, daga wannan mai magani zuwa wancan, alhali abin da ke damunta ƙari ne da ake cirewa, ko yawan furolaktin da ƙwaya ke saukarwa har haihuwa ta dawo, ko mataccen tayi da zai iya jawo mata zubar jini da ruɓa. Shekarun haihuwarta suna tafiya tana jira. Ta fuskar fiƙihu ma, matar da aka saka ko mijinta ya rasu, idan tana kokwanton motsi a cikinta, hukuncin littafi shi ne ta zauna ba aure har kokwanton ya gushe ko muddar ta cika. A da wannan taka-tsantsan ne don kada nasaba ta cakuɗe. A yau gwajin jini da hoton ciki suna gusar da kokwanton kafin azahar, kuma tsare mace shekara huɗu a kan shakkar da ake iya warwarewa cikin yini ɗaya zalunci ne da littafin bai nufa ba. Wasu ƙasashen Musulmi sun gane haka tuni. Dokar Masar ta 1929 ta tsayar da shekara ɗaya, Maroko da Tunisiya ma shekara ɗaya, dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta ce wata goma. Ukun ƙarshe ƙasashen Malikiyya ne.

Duk da haka ina ganin wanda ya tsaya nan ya yi rabin aiki, kuma rabin da ya bari shi ne mai haɗari. Mazhabar Malikiyya ta bambanta da Hanafiyya da Shafi'iyya a wata mas'ala: tana ɗaukar bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji a matsayin hujjar zina, sai idan ta kawo alamar an tilasta ta. Wannan hukunci mai kaifi ne ƙwarai, kuma abin da ya dushe kaifinsa tsawon ƙarnuka shi ne doguwar muddar ciki. Bazawarar da ta haihu shekara biyu ko uku bayan saki, ana jingina ɗan ga tsohon mijinta, haddi ya faɗi, yaro ya sami uba da suna. Da wuya a ce dukan alƙalan da suka yi hukunci da wannan ba su san yadda duniya take ba. Sun sami ƙofar sutura a cikin littafi, shari'a kuma ta umarce su da tunkuɗe haddi da shubuha, sai suka bi ta ƙofar. Mun ga aikinta a zamaninmu. Amina Lawal, wadda kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003, kuma cikin dalilan da aka kafa har da cewa ta haihu a cikin wa'adin da mazhaba ta yarda ciki na tsohon miji ne. Duk mai son ya goge kwantaccen ciki da sunan kimiyya ya tuna cewa a ranar nan yana cikin abin da ya tsaya tsakanin wata mata da duwatsu.

Masu kare zancen suna da gaskiya idan suka ce rahama ce, amma rahamar da ta dogara ga labarin da kowace ma'aikaciyar awo ta san ba haka yake ba tana kan siraɗi. Ranar da mai gabatar da ƙara zai kira likita ya yi rantsuwa ya faɗi abin da ya sani game da mabiyiya, ƙofar ta rufe, hukuncin ciki-hujja kuma yana nan da kaifinsa. Ga shi kuma ba kowa suturar take rufewa ba: budurwar da aka yi wa fyaɗe ba ta da tsohon mijin da za a jingina wa ciki, ita ce kuma ta fi kowa buƙatar kariya. Mafita ita ce a kai ilimin homon ɗin har ƙarshensa maimakon a tsinci rabin da ya dace da tsanani. Abin da hCG ke shaidawa shi ne maniyyi ya haɗu da ƙwai, tayi ya manne. Ba ya faɗin ko da yarda aka yi ko da ƙarfi, ko tana farke ko an gusar mata da hankali, ko akwai auren da ta zaci ingantacce ne. Ƙwai yana fitowa a lokacinsa ko mace tana so ko tana kuka, maniyyi yana rayuwa a jikinta har kwana biyar, kuma ana iya samun ciki ba tare da cikakkiyar saduwar da haddi ya rataya a kanta ba. Laifi a shari'a yana buƙatar ganganci da zaɓi, jini kuwa ba ya ɗauke da labarinsu. Wannan shi ne matsayin mafi yawan malamai tun asali, kuma an rawaito cewa Sayyidina Umar ya ƙyale wata mata mai ciki da ta ce ita mai nauyin barci ce, wani ya afka mata ba ta san ko wane ne ba.

Saboda haka gyaran yana da jeri, kuma jerin shi ne muhimmi. Jihohin arewa da suka rubuta dokokin laifuka na shari'a daga shekarar 2000, tare da malaman da ke ba su shawara, su fara da bayyana a rubuce cewa ciki shi kaɗai ba ya tabbatar da zina, suna masu ɗaukar ra'ayin jumhur kamar yadda malaman Malikiyya suka sha ɗaukar ra'ayin wata mazhaba idan maslaha ta buƙata. Bayan an kafa wannan, sai a dawo kan muddar ciki a mas'alolin idda da nasaba da gado, a tsayar da ita a shekara ɗaya bisa ra'ayin ɗan Abdul Hakam, wanda ɗan mazhaba ne kuma adadinsa ya bar sarari mai yalwa ga kuskuren lissafi, a kuma ba matar da ke kokwanto damar ta warware shi da gwajin asibiti a gaban alƙali, ta gama iddarta ta yi aurenta.